Canza shokozoban gaba na RAV4 a ƙofar gida: zai yiwu, ko sai an kai Magazin?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sanin mota. RAV4 ce ƙirar 2010, mai silinda huɗu, irin wadda ake shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema. In na hau tudun rage gudu sai gabanta ya yi ta lilo kafin ya natsu, in na taka birki da ƙarfi hancinta ya yi ƙasa, sannan akwai wata ƙara ƙwas-ƙwas a gefen dama da zarar na sauka daga kwalta. Na leƙa bayan taya, jikin shokozoban dama duk mai ne, ya sha ƙura ya yi baƙi ƙirin. Ina so in canza da kaina ranar Asabar. Ina da jak, da saitin soket, da ƙanena da zai kama mini. Me ya rage in nema?

Direban Tamale: Wa alaikumus salam. Kai da ke zaune a Kumasi, ga Magazin, unguwar makanikai ta Suame, a bayan gidanku, me zai kai ka kwanciya a ƙasa? Mutane daga Tamale da Bolga, har da Burkina, suna jawo mota su kawo Suame, kai kuma kana gudunta.

Ɗan Aboabo: Yaya, ba kuɗin aiki nake gudu ba. So nake in san motata, in kuma ga da idona cewa abin da na saya shi ne ya shiga.

Masta Suame: Ɗana, kafin ka sayi komai, raba matsalolin nan gida biyu. Lilo da dukawar hanci da man da ka gani, wannan shok ne, babu gardama. In ɗan danshi ne kawai a saman jikinsa da sai in ce ka bar shi, amma tunda ya zubo har ƙura ta manne, ya gama aiki. Ƙarar ƙwas-ƙwas kuwa ban yarda shi ne ba tukuna. A motocin nan yawanci siririn ƙarfen nan ne da ke haɗa shok da sitabilaiza, wanda muke kira link. Sitabilaiza shi ne sandar da ke hana mota kwanciya gefe a kwana. Ko bushin ɗin sitabilaiza, ko tairod, ko boljoin. Ka ɗaga motar, ka kama link ɗin ka jijjiga da hannu. In yana wasa, ga mai ƙarar nan. Sannan ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, ka sake kamawa hagu da dama. Sau nawa mutum yake zuba kuɗi a sabon shok ya fita gareji ƙarar na biye da shi, ya dawo yana cewa an sa masa jabu.

Injiniyan Asawase: Baba Masta ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara abu ɗaya, don yawancin bidiyon da ke yawo a YouTube shi ke ruɗa mutane. Ba duk manyan motocin nan ne gabansu iri ɗaya ba. Tsohuwar Pajero ta shekarun 1990, ko Nissan Xterra ta farko, ko Ford Explorer ta 1995 zuwa 2001, nauyin gabansu yana kan wata doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗawa, shok ɗin kuma yana tsaye shi kaɗai. Noti a sama, bol a ƙasa, ka zare ka mayar da sabo. Yaro ma zai iya. RAV4 ba haka take ba, haka CR-V da Highlander. Shok ɗin yana cikin sifirin, an matse su tare an ɗaure da noti guda a sama, kuma shi kansa yana cikin ƙafar motar: shi ke riƙe da ƙarfen da taya ke jikinsa, yana juyawa tare da sitiyari. Saboda haka aiki biyu ne. Na farko cire shi gaba ɗaya daga mota. Na biyu raba shi da sifirin. Na farkon aikin gida ne. Na biyun ne abin magana.

Direban Tamale: Wane abin magana? Na sha gani ana yi. A bar motar a ƙasa, a kwance notin tsakiya, sannan a ɗaga da jak a hankali, sifirin ya saki da kansa. Wurin mayarwa a ɗaure shi da bel ko waya.

Masta Suame: Direba, don Allah kada ka koya wa yaro wannan. Na san ana yi, ni ma na ga ana yi, kuma ban bar yarana su yi a garejina ba. Motar nan ta haura tan ɗaya da rabi, gaba ya fi nauyi saboda inji, sifirin biyun nan su ke ɗauke da shi. Ko bayan an ciro shi daga mota, yana nan a matse da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙarin mutum. In waya ta tsinke, ko ƙugiya ta zame, ba ya ba ka lokacin kaucewa. Murfin sama ya tashi, notin ya tashi, duk abin da ke gabansu ya shiga uku. Wanda ya yi sau hamsin lafiya zai ce maka ba komai. Ka tambayi wanda yatsunsa ba su cika ba.

Hajiya Mai CR-V: Innalillahi. Ɗan Aboabo, kana da iyali, ka kai wa Masta mana.

Ɗan Aboabo: Hajiya, na ji. Amma akwai abin matse sifirin da ake sayarwa, dogayen bol biyu masu ƙugiya. In na samu wannan fa?

Injiniyan Asawase: Yana aiki in mai kyau ne, kuma in an bi ƙa'ida: ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan daidai da juna, a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana musanyawa, a shafa giris a zaren, kada a sa masa bindigar iska, kuma kada kanka ko na ƙanenka ya kasance a saitin bakin sifirin. Sai ka ga sifirin ya saki mazauninsa yana iya juyawa da hannu kafin ka taɓa notin tsakiya. Matsalar ita ce masu araha ƙarfensu laushi ne, kana ɗaurewa kana ganin bol ɗin yana lanƙwasa. Ni a ganina don aiki ɗaya bai kamata ka saya ba. Ka cire guda biyun a gida, ka sa su a buhu tare da sababbin, ka hau Pragya, keken nan mai ƙafa uku, ko tasi ka kai wa mai injin matsewa, ya juya maka sifirin a gabanka. Ka dawo ka ɗaura da kanka. Ka ga abin da aka sa, ka koyi motarka, yatsunka goma.

Masta Suame: Wannan na yarda da shi.

Alhajin Tafo: Salamu alaikum. Ni tambayata ta fi ta kowa sauƙi. Na dama ne ya mutu, me ya sa kuke ta cewa guda biyu? A wannan zamani na tsadar kaya?

Masta Suame: Alhaji, barka da warhaka. Tare suka fito daga kamfani, hanya ɗaya suka bi, ramuka ɗaya suka sha. In na dama ya zubar da mai, na hagu ma ya gaji, bai dai nuna ba. In aka sa sabo gefe ɗaya, gefen nan zai riƙe, wancan ya saki. A cikin gari ba za ka ji sosai ba. Amma a hanyar Techiman kana kan gudu ka taka birki ko ka kauce wa rami, a nan motar za ta nuna maka ƙafafunta ba ɗaya ba ne. Aikin shok ba jin daɗin zama kawai ba ne, shi ke danne taya ta zauna a kan kwalta. Tayar da ke tsalle ba ta kama birki. Shi ya sa za ka ga tayar motar da shok ɗinta ya mutu ta cinye wuri-wuri, nan tudu nan kwari, in ka shafa da tafin hannu za ka ji.

Alhajin Tafo: To, Allah ya hore. Na fahimta.

Mai Kaya, Abossey Okai: Gaisuwa daga Accra. Tunda an zo maganar saye bari in sa baki. Abu na farko, kada ka je shago ka ce «shok ɗin RAV4» kawai. Ta Amurka daga 2006 zuwa 2012 doguwa ce, ta fi wadda aka sayar a Turai tsawo, kuma a cikin ta Amurkan akwai mai silinda huɗu akwai V6. Ka ɗauki hoton lambar shasi, harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta gefen direba, ka tafi da ita. In ma da hali ka tafi da tsohon a hannu a jera su. Na biyu, na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kunnuwan da ake ɗaura link da tiyon birki suna fuskantar wuri daban. Hagu shi ne gefen direba, yadda kake zaune a ciki, ba yadda kake tsaye a gaban mota ba. Na uku, in za ka iya, ka sayi hom yus, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙasar waje, cikakke da sifirin ɗinsa da kansa. Ka huta da maganar matsewa gaba ɗaya. Orijinal ne da ya zo a jikin mota, ya fi sabon kwali da ba ka san inda aka ƙera shi ba.

Injiniyan Asawase: Yaya Mai Kaya, a nan zan saba da kai. Hom yus ɗin injin ko giya ko ƙofa, na yarda. Shok kuwa abu ne mai ƙarewa kamar takalmin birki. Su kansu kamfanonin da ke ƙera shi, irin KYB da Monroe, cewa suke a fara tunanin canji daga mil 50,000, wato kusan kilomita 80,000. Wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje, wa ya san abin da ya ci? Motar ƙirar 2010 ce fa. Ana wanke shi, a fesa baƙin fenti, ya yi ƙyalli, amma bawul ɗin ciki da man ciki sun tsufa.

Mai Kaya, Abossey Okai: Ƙanena, hanyoyinsu ba irin namu ba ne. Shok ɗin da ya yi shekara goma a can wani lokaci ya fi wanda ya yi shekara biyu a nan lafiya. Kuma kai ma ka san ana buga sunan manyan kamfanoni a kwalin da ba nasu ba. Tsakanin tsohon gaske da sabon ƙarya, wanne za ka ɗauka?

Injiniyan Asawase: Sabon gaske.

Mai Kaya, Abossey Okai: Da kuɗin wa? 😂

Hajiya Mai CR-V: Ni dai an taɓa sa mini sababbi fil a kwali daga wani shago, damina ɗaya ba su kai ba suka fara zubar da mai. Na koma, mai shagon ya ce hanyar unguwarmu ce ba ta da kyau. Ka ji fa, kamar ni na haƙa ramukan.

Masta Suame: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ku biyun kowa na da gaskiyarsa. Abin da nake gaya wa masu kawo mini mota shi ne, ko wanne za ka saya, a raba shi da sifirin a gwada da hannu. Ka tsayar da shi a tsaye, ka danna sandar ƙasa. Ta shiga da nauyi iri ɗaya daga sama har ƙasa, babu wurin da za ta faɗa fanko, babu ƙarar kumfa. In mai gas ne ta dawo sama da kanta a hankali. Ka dubi sandar a rana: in akwai ƙarzuwa ko tsatsa ko lanƙwasa, ajiye, za ta cinye robar bakin ta zubar da mai. Cikakken hom yus da ba a kwance ba, ba ka da hanyar gwada shi, sifirin ne kawai kake dannawa. Wannan ne aibinsa. Wanda kuma aka huda aka ɗura wa mai aka toshe da walda, ka duba gindinsa za ka ga tabon. Kada ka karɓa ko kyauta ne.

Direban Tamale: Masta, a nan ka taɓo mu. Mu masu motar haya da ɗurin nan muke lallaɓawa har a samu kuɗin sabo.

Masta Suame: Na sani, Direba. Lallaɓawa ce, kai ma ka faɗa.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai. Na yanke shawara: sababbi guda biyu daga wurin wanda zai ba ni rasit, da link biyu, sifirin kuma a juya mini a Magazin. Yanzu a ba ni yadda zan cire.

Masta Suame: To saurara. Daren Juma'a ka fesa WD-40, man sassauta tsatsa, a manyan bol biyu na ƙasa da notin link, su kwana suna sha. Motocin da suka fito daga jihohin ƙanƙara na Amurka da Kanada, gishirin da ake zubawa a hanya yana cin ƙasansu, bol ya manne kamar an yi masa walda. In taka irin wannan ce, ka shirya gumi.

Wuri ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, ba bakin kwata ba, ba kan yashi ba. Ja birkin hannu, sa katako a bayan tayoyin baya. Sassauta notin taya tun motar na ƙasa. Ka ɗaga gaban duka biyu, don in ka ɗaga gefe ɗaya sitabilaiza zai murɗe ya danne link, ya ƙi fita. Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Ka samo ƙarfen tokara guda biyu, ko aro ne. Kada ka sa bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar ta kwanta a nan.

Daga nan ka fara da ƙananan abubuwa: wayar ABS da tiyon birki duk suna maƙale a jikin shok, ka kwance su ka kawar gefe. Wayar nan siririya ce, in ta tsinke fitila za ta kama a dashbod, kuɗinta kuma ba kaɗan ba. Sai notin link. In ka ga yana juyawa tare da bol ɗinsa, akwai ramin alanki a tsakiya, ka riƙe da shi. Sai manyan biyun, soket 22, da doguwar sifana ko ka ƙara fayif. Kafin ka zare su, ka tokare ƙasan ƙafar da jak, ka ɗaure ƙarfen tayar da igiya kada ya faɗo waje. In ya faɗo zai ja tiyon birki, zai iya zaro shaf daga mazauninsa na ciki, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. In bol ya ƙi fita, mayar da noti a bakinsa ka buga a kan notin, kada ka buga a kan zare.

Na ƙarshe su ne ƙananan noti uku na sama. A wannan motar suna can wajen murfin da ke gindin gilashi, in wurin ya matse maka sai ka cire hannayen waifa da murfin ka samu sarari. Uku na gefe kawai. Na tsakiya haramun ne gare ka. Ƙanenka ya riƙe shok ɗin daga ƙasa lokacin da kake kwance na ƙarshe, kada ya faɗo a kan robar shaf ya yaga ta.

Injiniyan Asawase: In ƙara kaɗan. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa kowane abu, musamman yadda wayar ABS ta bi. A wurin mai juya sifirin ka tsaya a kansa ka duba abu uku. Bakin sifirin na ƙasa ya zauna daidai cikin gurbinsa. Kan shok, wanda ke da roba da boris a ciki, a juya shi da hannu, in yana ƙarar yashi ko robar ta tsage a canza shi yanzu, don in ba haka ba sai an sake kwance komai. Robar da ke kare sandar daga ƙura ma haka, da jar ƙurarmu ta rani ita ce rayuwar shok. Kuma kada ka bari a kama sandar da filaya don a ɗaure noti, tabo ɗaya ya isa ya kashe sabon shok.

Wurin ɗaurewa, manyan bol biyun suna son ƙarfi sama da Nm 200 a awon ɗauri, notin taya kuma 103. In za ka samu aron sifana mai awo, ka yi amfani da ita.

Direban Tamale: Sifana mai awo! Mu awonmu a kafaɗa yake. In ta yi ƙara ƙiiit, ya ɗauru.

Masta Suame: Shi ya sa kullum muke cire muku karyayyun bol ɗin taya, Direba.

Alhajin Tafo: Masta, tawa Prado ce. Duk wannan bayanin ya shafe ta?

Masta Suame: Rabi da rabi, Alhaji. Ita ma shok ɗin gabanta yana cikin sifirin, kuma nata ya fi na RAV4 kauri da ƙarfi nesa ba kusa ba, abin matsewa na hannu bai kamata ya kusance shi ba. Bambancin, ita tana da hannuwa biyu sama da ƙasa da ke riƙe da taya, shok ɗin bol ɗaya ne a ƙasa cikin bushin na roba. Wannan bol ɗin ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke motar nauyinta ya zauna. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba. In kuma taka mai shok ɗin lantarki ce, wadda ake canza taurinta da maɓalli daga ciki, kada a sa mata na gama-gari sai an yi shawara.

Alhajin Tafo: A'a, ni kawo maka zan yi. Gwiwata ba ta tsugunno.

Hajiya Mai CR-V: To bayan an gama, shi ke nan sai tafiya?

Injiniyan Asawase: A'a Hajiya, saura alaimen. Tunda an kwance bol biyun da ke haɗa shok da ƙarfen taya, tsayuwar tayar tana iya gocewa ko da kaɗan ne, ido ba zai gani ba amma taya za ta gani. In aka bari, gefe ɗaya zai cinye cikin 'yan watanni, sitiyari kuma ya karkace. A yi na kwamfuta, a ranar ko washegari. Kafin ya hau babban titi kuma ya taka birki a tsaye ya ji ya yi tauri, ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a duba tiyon birki bai miƙe ba, bai goga taya ba. Bayan ya yi 'yar tafiya ya sake bin notin taya.

Ɗan Aboabo: Na rubuta duka. Na jijjiga link ɗin dama yanzu da na dawo daga Magariba, yana wasa sosai, robarsa ma ta fashe. Tsofaffin shok ɗin fa, in ba yara su sayar?

Masta Suame: Ka ba masu sayen kwandem, wato tsofaffin ƙarafa, da hannunka, kada ka bar wa yara. Akwai mai a ciki, akwai gas a matse. Ka gaya wa mai sayen kada a jefa shi wuta, kada a sa masa wutar yanka sai an huda an fitar da iskar. Sifirin ɗinka kuma in ka kai a juya, ka sa alama da fenti wanne ne na hagu wanne ne na dama, kowanne ya koma gefensa.